Baba Wilfred da Asalin Waƙar Rakiya

Ƙarfe shida na safe, duk wanda ya bi ta layin bayan majami'armu a Kamazou zai ga Baba Wilfred a barandarsa, fensir maƙale a kunne, yana jan layi da rula a kan farar takarda. Waƙar sujada guda, wadda ni da kai muke rerawa da murya ɗaya, shi sai ya rarraba ta gida-gida: ga rabon ƙananan ƙaho, ga na turombon, ga na sarewa, ga na ƙaton ƙahon nan da ake saɓawa a kafaɗa, ga na ganga. Mu ashirin da biyu ne a badujalar majami'a, kowa da takardarsa, kowace da rubutun hannun Baba. Shekara talatin da huɗu ke nan, tun yana aikin masaƙa a Kakuri. In ƙaho ya tsage, shi zai naɗe shi a zani ya hau bas zuwa Makera wurin Malam Shehu mai liƙi, ya tsaya a kansa yana mita har a gama.

Ni Dorcas, shekara goma sha tara ina busa a ƙarƙashinsa, ƙaho mai kaurin murya da ake rungumewa a ƙirji. Ba zan ce muku mutum ne mai sauƙi ba. Ina! Ka yi kuskuren bugu ɗaya a firaktis, ya leƙo ka ta saman tabarau, sai ka ji da ma ba a haife ka ba.

Yana da wata doka da muka daɗe muna yi wa dariya. A saman kowace takarda akwai layi guda da ya rubuta wa "Asali". Wannan waƙa daga ƙasar Turawa ta zo, wani ɗan mishan ya juya ta Hausa. Waccan matan zumuntar majami'a ne suka fara ta a Filato wurin girbi. Kuma ba zai ɗaga sandarsa ta jagorantar badujala a gaban jama'a ba sai ya karanta layin da ƙarfi, ko da rana na gasa mutane a maƙabarta. Baba Asali muke ce masa a bayan idonsa. Na taɓa tambayarsa amfanin abin, ya ce, "Dorcas, wani ne ya fara jin zafi ko daɗi kafin waƙar ta fito. In ban san shi ba, ta yaya zan san ko a hankali zan sa ku busa?"

Waƙa ɗaya ce ta gagare shi, wadda muke kira Waƙar Rakiya. Babu gawar da aka fitar daga majami'armu ba tare da ita ba. Kowa ya san marigayi Mai Bishara Istifanus ne ya kawo ta daga ƙauyensu da ke bayan Kafanchan, lokacin da ya zo aka kafa majami'ar, kuma kowa ya ɗauka tasa ce dungurungum. Baba kuwa ya rubuta sunansa a wurin kalmomi, ya bar wurin karin waƙar babu komai. Dalilinsa shi ne, bayan layi na uku karin yana tsayawa cak, bugu huɗu babu sauti, kamar an toshe wa mutum baki yana cikin magana. Shekara da shekaru da ganga yake cike gurbin, yana cewa akwai abin da aka yanke a nan.

Bara da damina, ya sauka daga mota a Gonin Gora, ya tsaya sayen gasasshiyar masara. Mai masarar, dattijuwa ce mai suna Mama Abigail, tana fifita gawayi tana ɗan rera waƙa a maƙogwaro. Waƙar Rakiya ce. Da ta zo gurbin nan sai ta wuce abinta, da wani ɗan sauti mai hawa ya sauko. Baba ya ce masarar ta faɗi daga hannunsa.

"Mama, a wace majami'a kika koyi wannan?"

"Majami'a kuma? Waƙar mamata ce."

Ashe ƙauyensu ɗaya da Mai Bishara Istifanus. Sau uku Baba ya je ƙauyen, ya zauna da tsofaffi daban-daban, duk bakinsu ɗaya. Uwar Abigail, Talatu, mai bin Yesu ce, amma burukutu take dafawa tana ciyar da 'ya'yanta, saboda haka aka sa ta horo: benci na can baya, ba jibin Ubangiji, ba hannu da dattawa. Tana cikin horon ɗanta Yohanna ya mutu yana shekara huɗu, ba wanda ya zo daga majami'a ya yi waƙa. Ita ta zauna bakin kabarin ta yi tata. Mai Bishara Istifanus, yana saurayi a lokacin, ya ji ta daga bayan danga, karin ya shiga ransa, ya ɗora masa kalmomin bege. Wurin da ya cire shi ne inda take kiran sunan yaron. Talatu ta mutu ba a ɗage mata horo ba, aka binne ta shiru.

Ana haka bikin cikar majami'armu shekara arba'in ya matso. An buga furogiram, an rubuta Waƙar Rakiya da sunan Mai Bishara Istifanus shi kaɗai. Shugaban dattawa kuwa ɗansa ne na cikinsa, Dattijo Caleb. Ranar Alhamis da yamma muna firaktis ya shigo, bai ko zauna ba.

"Baba Wilfred, na ji abin da kake shirin karantawa ranar Lahadi."

"Abin da ke saman takarda ne, Dattijo. Sunan mahaifinka na nan. Kalmomin nasa ne, ba wanda ya taɓa su."

"Kana so a ce ubana ɓarawo ne? A gaban baƙi?"

"Ban ce ba. Ya ji kukan mace ya ƙi bari ya ɓata. Sunanta ne kawai bai zo da shi ba."

"Waƙar da muka raka iyayenmu da ita, ka ce daga gidan burukutu ta fito!" Allah ya sani na tausaya masa, don da waƙar nan aka sa ubansa a ƙasa. Ya nuna sandar da ke hannun Baba. "Dattawa sun zauna. In ka kira sunan matar nan, ka ajiye wannan. Ka gama da badujala."

Ya juya ya fita. Ni ce na fara buɗe baki, kuma ina jin kunyar abin da na faɗa har yau. Na ce, "Baba, don Allah ka bari. Matar ta mutu shekara nawa? Me zai ƙara mata? In ka tafi wa zai rubuta mana?" Kowa ya san badujalar nan ita ce ransa. Tun da matarsa ta rasu, mu ne gidansa.

Ya zaro sabuwar takarda ya miƙo mini. A gurbin nan na bugu huɗu ya cire gangar, ya rubuta sautin Talatu, ƙahona shi kaɗai.

"In kin ji tsoro, ki bari," ya ce. "Amma ganga ba za ta sake rufe wurin ba."

Kwana uku ban ci abincin kirki ba. Mijina dikin ne, cikin masu hidimar majami'ar, ya ce mini in yi hankali, in tuna a nan 'ya'yanmu za su yi aure.

Ranar Lahadi majami'a ta cika har rumfunan waje. Fastoci baƙi a jere, matan zumunta da ankonsu, Dattijo Caleb a kujerar gaba da furogiram a hannu. Ina duba bayan majami'a sai na hango Mama Abigail. Baba ne ya gayyace ta. Ba wanda ya nuna mata wurin zama, amma ta wuce duk kujerun da ke akwai ta je ta zauna a bencin horo.

Aka zo kan waƙar tuna waɗanda suka riga mu. Baba ya tashi da farar rigarsa mai guga, ya karɓi makirfo. Ya ɗaga takardar. Fasto ya sunkuyar da kai. Dattijo Caleb ya zuba masa ido ko ƙiftawa babu.

"Waƙar Rakiya," in ji Baba. "Asali. Kalmomi, Mai Bishara Istifanus, Allah ya ba shi hutawa." Ya tsaya. Na ce a raina, Yesu, sa ya tsaya a nan. "Kari, Talatu uwar Yohanna. Ta yi shi a bakin kabarin ɗanta tana cikin horo. 'Yarta tana tare da mu."

Guna-guni ya tashi daga gaba ya bi har rumfuna. Wani daga cikin dattawa ya miƙe, na kusa da shi ya ja masa riga. Baba bai jira kowa ya kore shi ba. Ya taka zuwa gaban Dattijo Caleb, ya ɗan rusuna, ya ajiye sandar a kan teburin da ke gabansa. Sannan ya bi tsakiyar majami'a, a hankali saboda gwiwarsa, har can baya, ya zauna kusa da Mama Abigail.

Ga mu nan, mutum ashirin da biyu da ƙahoni a hannu, ba mai ɗaga mana sanda. Ban san tsawon lokacin da muka yi haka ba. Mai babbar gangarmu, wani makanike ne daga Rido da ba ya magana sai dole, shi ya buga ɗaya, biyu, uku, huɗu, yadda Baba ya koya masa. Muka shiga.

Layi na ɗaya, na biyu. Jama'a rabi na rerawa, rabi na kallon Dattijo. Layi na uku ya ƙare, sauran ƙahoni suka sauka, ya rage ni. Na sa baki, leɓena ya bushe ƙamas. Na hura, iska ce kawai ta fita. Na kasa, jama'a. Duk surutuna, na kasa.

Sai daga bencin baya wata tsohuwar murya ta tashi, a shaƙe, ta hau ta sauko daidai bugu huɗu: "Yohanna..."

Akwai matan da suka binne 'ya'ya a majami'ar nan, da yawa, kuma ba sai an fassara musu ba. Wata a cikin zumunta ta fashe da kuka. A baiti na biyu na busa wurin, hawaye na shiga mini baki. A na uku, ban ji ƙahona ba sam, don mata sun ɗauka, kowace da sunan da take kira. Dattijo Caleb bai tashi ba, bai hana ba. Ya rufe fuskarsa da furogiram har aka gama.

Kada ku ce daga nan komai ya gyaru. Ranar Talata takarda ta iso wa Baba: an gode masa, an sallame shi. Ba walima, ba ko agogon bango. Abin ya ƙona mini rai, shi ya sa na ɗauki biro.

Baba Wilfred, kai ne ka koya mana cewa waƙa tana da uwa. Kai ne ka riƙe gurbi shekara talatin da huɗu ka ƙi rubuta ƙarya a ciki, alhali ba wanda zai kama ka. Mai fensir a kunne, ka san abin da za ka rasa, amma ka karanta. Na roƙe ka ka yi shiru, ka yafe mini. Na gode, mun gode, mu ashirin da biyu da ba mu da bakin faɗa ranar Alhamis ɗin nan.

Har yanzu yana barandarsa ƙarfe shida yana jan layi. Wanda aka ba sandar yakan biyo ta bayan gida ya karɓi takardu, Baba kuwa ba ya hana shi. Ku masu badujala da ƙungiyoyin mawaƙa, daga Sabon Tasha har Kakuri, ku buɗe takardunku ku duba. Waƙoƙi nawa kuke busawa ba ku san wa ya fara su ba? Tsofaffin da suka sani suna nan tukuna, wasu a bakin titi suke gasa masara. Ku je ku tambaya kamar yadda ya yi.

Na tambaye shi ko yana da-na-sani. Ya leƙo ni ta saman tabarau, na ɗauka faɗa zan sha. Sai ya gaya mini abin da Mama Abigail ta ce masa a bencin nan, da aka busa sautin ƙarshe. Ta kama hannunsa ta ce, "Malam, shekara hamsin ina jin ana raka iyayen mutane da waƙar nan. Yau aka raka mamata."