Kadangaren Inna a Ranar Layi

Ina ɗan shekara tara aka fara zaɓe a ƙauyenmu, Dangoma ta ƙasar Kalgo. Lokacin babu akwati, babu takarda. Ɗan takara zai tsaya a fili, masu sonsa su jeru a bayansa, a ƙirga kawuna da rana tsaka, kowa yana ganin kowa.

Mutum biyu suka fito: Kawu Umaru, yayan mahaifiyata, da Malam Bawa, wanda fadamarsa ke jikin tamu, shi ke sako mana ruwa da rani. Baba ya san Malam Bawa ya fi cancanta, amma ina zai kai fushin suruki? Kwana uku yana safa da marwa a tsakar gida, har ya haƙa hanya da ƙafa. Na rantse akuyarmu ta faɗa ciki sau biyu.

Kakata Inna ba ta iya yi masa magana, don shi ne ɗanta na fari. Ko sunansa ba ta faɗi, sai dai "wancan". Daren jajibirin zaɓe, bayan magariba, ta tara mu a bakin murhu, ta ɗaga murya yadda za a ji ta a Gwandu.

"Ga ta nan, ku riƙe ta kada ta tsere!"

Wai tafki ya fara ƙafewa, dabbobi suka ce a zaɓi mai tsaron ruwa, ko kada ko dorina. Kadangare ya je wurin kada ya gyaɗa kai, ya je wurin dorina ya gyaɗa kai. Ranar layi ya sa kansa a wannan layin, wutsiyarsa a wancan. Mai ƙirga ya ce ba ya ƙirga rabin mutum. Duka biyun suka kore shi daga ruwa.

"Shi ya sa har yau yana bisa katanga yana gyaɗa kai, babu mai tambayarsa komai."

Na ce, "Inna, wannan kadangaren yana da gemu da 'ya'ya huɗu?"

"Rufe mini baki, ɗan nema! Mi ka sani?" Ludayi ya sauka a kaina. A bayanmu na ji takun Baba ya tsaya.

Washegari Baba ya tsaya bayan Malam Bawa. Kawu ya dube shi sau ɗaya. Damina biyu bai taka gidanmu ba, mahaifiyata kuwa ta yi wata guda tana zuba wa miyar Baba barkonon da zai kashe doki. Amma Baba bai sake zagaya tsakar gida ba.

Bana, ina shekara goma sha bakwai, aka kawo akwatuna, kowa ya shiga bayan zana ya jefa takardarsa a ɓoye. Baba ya dawo yana murmushi. Kawu ya gaishe shi, ya gyaɗa kai. Wani ɗan ɓangaren da ke adawa da Kawu ya gaishe shi, ya gyaɗa kai.

Inna ta kalli murhu ta ce, "To, an yi wa kadangare zana."

Mata ba su zaɓe a nan, ba a taɓa ƙirga kan Inna ba. Sai yanzu na gane cewa a wancan layin ita ma ta tsaya, da ƙafafun ɗan da ba ta iya kiran sunansa.