Zangon da Babu a Taswira

Ranar Asabar ta ƙarshe a watan Yunin 1999 na dawo daga makaranta rungume da wani babban littafi mai shuɗin bango, ina tsallake kududdufan da ruwan daren jiya ya bari a layinmu na unguwar Farcha a N'Djamena. Na zo ta ɗaya a aji, aka ba ni kyautar littafin taswirar duniya, wanda malaminmu yake kira atlas. Shekarata goma sha ɗaya. Ina tuna ƙamshin sabuwar takarda yana kokawa da warin fatun da Baba yake shanyawa a bayan gida. Ina tuna Inna ta rangaɗa guɗa har awakin maƙwabta suka firgita. Ina tuna kakata, mahaifiyar Baba, zaune a kan tabarmarta ƙarƙashin darbejiya, tana kallona tana cewa, "Madam ta dawo da kaya." Haka take kirana tun ranar da aka sa ni a makarantar Faransanci. Kafin rana ta faɗi, da wannan littafin na yi mata abin da har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ni yarinya ce da barci bai cika so ba. Da rana ba a gane komai a jikina. Nakan yi shara, in ɗebo ruwa a famfon bakin titi, in kai gero wurin niƙa, in yi 'yar carafke da ƙawayena har gwiwoyinmu su yi fari. Amma da an hure fitila, sai kaina ya buɗe kamar kasuwa. Kuskuren da na yi a rubutun shifta ya dawo ya tsaya a gabana. In ji kukan shanun da aka tara a kusa da mayanka, in fara tunanin ko sun san abin da gobe za ta kawo musu. In tuna kogin Shari yana can yana tafiya cikin duhu, in tambayi kaina ina ruwan yake kwana. Daga nan in kasa kunne in ji ko Inna tana numfashi. Zuciyata ta yi ta bugawa, ƙafafuna su ƙi zama wuri ɗaya, har ladanin farko ya kira ina nan idona biyu, sannan in je aji in yi ta gyangyaɗi a kan benci.

Inna ta gwada abin da ta sani. An karɓo mini rubutu wurin malam na sha. An tofe ni da addu'a, an ba ni madara mai ɗumi, an hana ni shayin yamma, wata rana da haƙurinta ya ƙare har da alkawarin bulala. Da abin ya ƙi, sai Kaka ta ce a mayar da shimfiɗata ɗakinta, ita ma ai ba wani barcin kirki take yi ba.

Daren farko, da ta ji ina ta juyi, sai ta ce, "Madam, zo mu yi tafiya." Na zaci fita za mu yi. Ta ce a'a, in kwanta a gefena na dama, in rufe ido. Ta ce matafiyi ƙunshi ɗaya yake ɗauka, saboda haka in zaɓi tunani guda in ɗaure, sauran in bar su a ƙofar gida, ba mai sace su. Sannan ta fara ba ni hanyar da suka bi tana ƙarama, lokacin da iyayenta suka baro Katagum a ƙasa da jaki ɗaya, da niyyar zuwa Makka. Muryarta a hankali take, kamar mai taka yashi. Mu tashi da asuba, mu ɗaura wa jaki kaya. Mu isa Azare, a ba mu fura a ƙwarya mai tsagin baki. Ta ce, "Sauke kaya," sai in ja numfashi uku masu tsawo. Mu tashi zuwa Fataskum, inda aka shayar da jaki a rijiya mai zurfi, guga yana daɗewa kafin a ji ƙararsa. Sauke kaya. Damaturu, inda ƙaya ta soke ta a diddige. Yarwa, wato Maiduguri, inda ta fara jin yaren da ba ta gane ba. Ba ta taɓa canza komai ba, ƙwaryar nan kullum da tsaginta, ƙayar nan kullum a ƙafar hagu. Ina jin wannan rashin canjin ne yake kwantar mini da hankali. Yawancin darare ban kai Yarwa ba barci yake ɗauke ni.

Amma akwai dararen bazara da zafi yake hana kowa sakat, a fito da shimfiɗa tsakar gida, sauro yana kuka a kunne. A irinsu nakan bi ta har Dikwa. Bayan Dikwa akwai wani wuri da take kira Zangon Tsamiya. A nan ba fura, ba rijiya, ba labari. Cewa kawai take yi, "Nan mun kwana bakwai." Sai ta yi shiru mai tsawo, har in zaci barci ya kwashe ta, sannan ta ci gaba zuwa Kusuri, a shiga kwalekwale a haye ruwa zuwa garin nan namu, da ba ta taɓa kiransa N'Djamena ba sai da tsohon sunansa, Fort-Lamy. A nan tafiyar take ƙarewa. Ban taɓa tambayar dalilin da ya sa ba a ƙarasa Makka ba. Shekara biyu muna wannan tafiya, na yi ƙiba, na daina gyangyaɗi a aji, har na zo ta ɗaya.

To ranar da na kawo atlas, da la'asar gidanmu ya cika. Maƙwabta sun shigo taya murna, Inna ta haɗa karkanji, wato zoɓo, mai sanyi a babbar roba, Baba yana zuba shayi a ƙananan kofuna shi da wani abokin cinikinsa ɗan Nijar. Hausa da Larabci suna ta cakuɗuwa kamar kullum. Aka ce in nuna musu abin da ke cikin littafin. Na buɗe shafin ƙasashenmu, na ɗora yatsa ina bin hanyar Kaka. Ga Azare, ga Fataskum, ga Maiduguri, ga Dikwa, ga Kusuri a bakin kogi. Mutane suna ta mamaki wai ga hanyar tsohuwa a takardar Nasara. Daɗin yabo ya ɗebe ni. Na duba tsakanin Dikwa da Kusuri ban ga komai ba, sai na ɗaga murya na ce akwai gari ɗaya da Kaka ta ƙirƙira da kanta, babu wani Zangon Tsamiya a duniya. Ban tsaya nan ba. Na ranƙwafa, na kwaikwayi muryarta mai rawa, na ce, "Nan mun kwana bakwai," na rufe ido na yi minshari. Na ce wataƙila lalaci ne ya kama su a gindin bishiya.

Aka yi dariya, dariya sosai, har wata maƙwabciyarmu tana share hawaye. Kaka ma ta yi murmushi. Ta miƙo hannu na ba ta littafin, ta riƙe shi a juye, ta daɗe tana kallon launukan. Sannan ta mayar mini ta ce, "Mai littafin bai kwana can ba, Madam." Ta tashi ta ɗauki butarta, ko da yake da sauran lokaci kafin magariba. Sai a sannan na lura Baba bai yi dariya ba. Kofin shayinsa yake juyawa a hannu, idonsa a ƙasa.

A daren nan ba a yi tafiya ba. Na jira, na yi juyi da gangan, na yi tari. 

Da safe ina wanke-wanke a bakin kwata Inna ta zo ta tsuguna kusa da ni. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta tambaye ni sunan Kaka na yanka. Na ce Hassana. Ta ce, "To ina Usainarta?" Hannuna ya tsaya a cikin ruwan kumfa. Shekara goma sha ɗaya ina gidan nan, ni mai zuwa ta ɗaya, ban taɓa yi wa kaina wannan tambayar ba. Inna ta ce tagwaye ne suka baro Katagum, suna da shekara bakwai ko takwas. Bayan Dikwa zazzaɓi ya kama Usaina, ayari ya wuce ya bar su a gindin wata tsamiya. Kwana shida suna jinya, a na bakwai aka binne ta a wurin. Mahaifiyarsu ta iya jan ƙafa har ta haye kogi, daga nan ta ce ba za ta ƙara nisa da 'yarta ba, shi ya sa muka zama mutanen garin nan. Inna ta ce tun kafin a haifi Baba, Kaka ba ta iya barci sai ta bi hanyar nan a zuciyarta ta je ta zauna wurin 'yar'uwarta. Ni kaɗai ta taɓa jera wa hanyar da baki.

Da na ce na ruga na durƙusa na nemi gafara, da na yi ƙarya. Kunya ta ɗaure mini harshe. Da rana ina kai mata abinci ina kauce wa idonta, ita kuma tana tsokanata kamar ba abin da ya faru. Da dare mu kwanta, tazarar hannu ɗaya tsakaninmu, kowa ya yi kamar yana barci. Ina jin ƙarar carbinta har asuba. Kasuwar kaina ta dawo, amma yanzu haja ɗaya ce a cikinta, muryata tana kwaikwayon tata. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ganin idanunta sun faɗa, tana gyangyaɗi a kan tabarma da hantsi. Ban hana kaina barci kaɗai ba, na hana ta.

Mun fi mako uku a haka. Wani dare ana yayyafi a kan kwano, na tattara ƙarfin halina na ce cikin duhu, "Kaka, mun tashi da asuba, mun ɗaura wa jaki kaya."  Na ci gaba. Na kai mu Azare, na sha fura, na wuce Fataskum ina sauri zuwa Damaturu. Sai na ji ta ce, "Haba Madam, ba ki shayar da jakin ba." Hawaye ya gangaro mini har cikin kunne. Ta karɓi tafiyar daga nan, da muryarta ta da. Na ƙudura a raina cewa in mun isa tsamiya zan ce ta yafe mini. Muka bar Yarwa, muka sauke kaya a Dikwa. Daga Dikwa sai ta ce, "Kusuri." Ta tsallake. Na buɗe baki na rufe.

Haka muka ci gaba har shekarar 2004, da ta rasu a sabon gidan da Baba ya gina a unguwar Atrone. Kowane dare akwai tafiya, barcina ya dawo, ina jin nata ma ya dawo, amma ba ta ƙara ambaton zangon nan a gabana ba. Wani lokaci bayan ta zaci na yi barci, nakan ji numfashinta ya canza, ya yi tsawo, sai in san ta koma can ita kaɗai. Kalma uku ce kawai, ki yafe mini, kuma na yi shekara biyar ina ɗage ta zuwa gobe.

Yanzu ina zaune a unguwar Toukra, a ɗaki mai fanka da wutar da takan zo in ta ga dama. Ƙawayena in barci ya ƙi su sai su ɗauki waya, wasu su sha ƙwaya. Ni har yau nakan kwanta a gefena na dama, in ɗaure ƙunshi ɗaya, in bar sauran a ƙofa. Atlas ɗin yana nan, bangonsa ya koɗe, kuma tsakanin Dikwa da Kusuri akwai ɗan ɗigon fensir da na yi tun a waccan damina, ban taɓa samun ƙarfin nuna mata ba. In na iso wurin nakan sauke kaya, in ja numfashi bakwai, in zauna da su biyun a inuwa. A nan nake faɗin abin da ban faɗa ba.