Allurar Baya a Ɗakin Yayan Matata

A lokacin da abin ya faru ni manomin albasa ne a Aliero, shekaruna arba'in da 'yan kai, kuma ina ji da ƙarfina ƙwarai. Ni nake dashe, ni nake ban ruwa, idan an cire albasa ni nake saɓa buhu in kai bakin mota. Wata safiya na sunkuya zan ɗaga injin ban ruwa, sai na ji wani abu ya tsarga daga ƙuguna har zuwa babban yatsan ƙafar hagu. Na je wurin masu ɗorin garinmu, suka lalluba suka ce ba karaya ba targaɗe, in nemi asibiti. A babban asibiti aka yi mini hoto, likita ya ce guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan gadon bayana ne ya goce yana danne jijiya. Ya yi mini allurar rage kumburi a ƙashin baya, a ɗaki na musamman, yana duban na'ura yana tafiyar da allurar. Ya ja mini kunne cewa allurar ba ta mayar da abin da ya goce, zafi kawai take kwantarwa, ba a yawaita ta, kuma in bar ɗaukar kaya.

Wata biyu na samu lafiya, sai ciwon ya dawo daidai lokacin dashe. Duk wanda ya san albasa ya san iri ba ya jiran mara lafiya, idan ya wuce kwanakinsa a reno shekarar ta tafi. Ina cikin wannan damuwa yayan matata ya zo duba ni. Yana da shagon magani a Jega, kowa Likita yake ce masa, ni ma haka. Ya ce ai wannan allurar ya sha yin ta lokacin da yake aikin asibiti, na'urar nan burga ce kawai, me zai sa in sha doguwar hanya alhali ga shi a gida. Zuciyata ba ta kwanta ba. Amma a wurinmu mutum ba ya duban idon wanda ya tsaya aka ba shi aure ya tambaye shi takardar shaidar aikinsa. Shi ya yi wa matata walicci. Kunya ta rufe mini baki, na kwanta a kan benci a ɗakin bayan shagonsa, na ɗage riga.

Sau huɗu ya yi mini cikin wata guda. Gaskiya zafin ya lafa, na gama dashe, har na riƙa yabonsa a kasuwa. Bayan ta huɗun da kwana uku zazzaɓi ya rufe ni, bayana ya yi zafi kamar an ɗora garwashi. Na aika masa, ya ce maleriya ce, ya aiko da ƙwayoyi. Ranar da ƙafata ta ƙi ɗaguwa, fitsari kuma ya ƙi fita, aka kwashe ni zuwa asibiti. Likita ya ce mugunya ce ta taru kusa da jijiya, sai an yi tiyata nan take.

Ba tiyatar ce ta fi ƙona mini rai ba. Bayan na farfaɗo likita ya nemi sanin wanda ya taɓa mini baya da irin maganin da aka sa, don ya san yadda zai ɓullo wa abin. Yayan matata yana tsaye a gefen gado da ledar lemu a hannu. Ya rantse bai taɓa yi mini allura ba, maganin ciwon kai kawai yake sayar mini, wataƙila wasu na je wa a ƙauye. Ina kwance ina jinsa. Daga baya wata ma'aikaciya da ta san shi ta shaida wa ƙanena cewa aikinsa a asibiti tura gadon marasa lafiya ne. Da na ce zan kai ƙara, dattawan gidanmu da na gidan su matata suka taru a kaina, wai ƙaddara ce, kada in ɓata zumunci. Matata tana kuka ba ta san bayan wa za ta bi ba. Na haƙura da ƙarar, yayan nata kuwa har yau bai ce mini in yafe masa ba.

Yanzu ƙafar hagu janta nake yi, da sanda nake zuwa masallaci, gonar kuma na ba wa wani yana nomawa muna rabawa. Na yarda da ƙaddara, amma na gane kunyar da ta hana ni tambaya ba tarbiyya ba ce, wauta ce. 'Yan uwa, allurar ƙashin baya ba ta shago ba ce, kuma kada ku bari kowa ya kusance ku da ita sai ƙwararren likita a asibiti, ko da mahaifinku ne ya kawo muku mai allurar. Makon jiya wani manomi ya taso takanas daga Kuberi ta ƙasar Maiyama, yana dafe da ƙugu, ya ce an ba shi labarin ni na san mai allurar nan ta Jega, in taimaka in yi masa kwatance. Dattawa sun hana ni magana, to ban yi magana ba. Juya masa baya na yi, na ɗage riga ya ga ɗinkin.