Jan Askirim

A gidanmu, kusa da Minjibir, harshe Inna take dubawa in yaro ba shi da lafiya. In harshen ya yi fari, jini ya yi ƙasa, sai asibiti.

Da damina zazzaɓi ya kwantar da ƙanwata. Ta ƙi cin komai sai jan askirim na leda da Baba yake sayowa a shago. Kullum Inna sai ta duba harshenta ta ce, "Alhamdu lillahi, da jininta."

Ashe kala ce kawai, wadda ko sunanta masu yin ba su damu su rubuta ba.

Ranar da aka yi mata wankan gawa, tafin hannunta fari fat, harshen kuwa yana nan jawur.