Kunne a Bango

Tun hantsi mutumin nan yake zarya a shagon kayan kiɗa na Madam Kurihara da ke Osaka ta ƙasar Japan, ya shiga ya fita har sau uku. Magidanci ne mai furfura a gefen kunne, sanye da kwat ɗin ofis, yatsunsa sai kaɗa cinya suke yi, sun ƙi zama wuri ɗaya. Ko kallon manyan amfilifaya, na'urorin ƙara sauti, ba ya yi. Can ƙasan kanta yake tsugunawa, wurin ƙananan da aka yi amfani da su, masu araha. Duk wadda aka jona masa da jita, maimakon ya ƙara sauti kamar kowa, ragewa yake yi.

"Yallaɓai, kiɗa za ka yi ko raɗa?" in ji Madam Kurihara.

"Taimaka ki ɗan kaɗa min," ya ce, yana miƙa mata jitar. Sai ya fice daga ɗakin gwajin kaya da suke ciki, ya ja ƙofa, ya manna kunnensa a bango.

Nan ta gano shi. A gidan haya yake zaune, mai bango kamar takarda. Wataƙila maƙwabta sun jefa masa wasiƙar ƙorafin hayaniya a akwati, cike da ladabi, babu suna, irin wadda ta fi zagi ciwo. Wataƙila jitarsa ta shekara talatin a bayan durowa tana jiransa.

Can ya leƙo, fuskarsa a washe.

"Ban ji komai ba! Wannan amfilifayar zan ɗauka."

Madam Kurihara ta dubi yatsunta. Ko tsirkiya ɗaya ba ta taɓa ba tukuna.