Shuɗin Ƙyallen Teburin Sinuka

Shekarar da aka rufe rumfar sinuka ta bakin tasha a Gummi, maigidana ya rasa inda zai sa kansa bayan la'asar. Malamin firamare ne, ba ya caca, ba ya shan taba, amma Allah ya jarabce shi da son wasan nan na tura ƙwallaye cikin rami da doguwar sanda. Sai ya dawo gida ya yi ta kewaya tsakar gida, ya duba tulu, ya duba akurkin kaji, ya tambaye ni abin da nake ɗinkawa alhali yana gani.

Wata Asabar sai ga a-kori-kura a ƙofar gida. Ashe ya sayi ɗaya daga cikin teburan rumfar. Da kyar ƙarti suka shigo da shi shagon da ke tsakanin zaure da cikin gida. Da suka fita na leƙa. Katakon lafiya lau, amma ƙyallen samansa ya mutu: ya koɗe, ya yage ta gefe, ga ƙunar taba nan da can, ga wari.

Surukata, wadda duk muke kira Inna, ta dogara sandarta ta zo ta tsaya a kansa.

"Wanga gadon wa za ya kwana bisa?" in ji ta.

Ya yi mata bayani. Ta saurara har ya gama, sannan ta ce in dai ba kuɗi za a aza ba, kuma za a tashi in an kira salla, ita ba ruwanta. Ni kuma na ce sharaɗina ɗaya ne: wannan tsumman ba zai kwana gidana ba.

Irin ƙyallen ba a samunsa a kasuwarmu, mai kauri ne mai laushi kamar bargo. Wani direba abokinsa ya kawo mana ƙananan yanka daga Sakkwato don mu zaɓa: kore, ja, da shuɗi. Maigida bai ko dubi sauran ba.

"Kore za a sa. Ko a talabijin kore ne."

"Malam, bar min su tukuna in gani," na ce.

Ni mai ɗinki ce, ban iya sayen yadi ban kai shi haske ba. Na shimfiɗa yankan a kan teburin, na ɗora ƙwallayen. Jan ya faɗi tun farko, don rabin ƙwallayen jajaye ne, sai su ɓace a kansa. Saura biyu. Da safe koren ya fi kyau, ban musa ba. Amma shagon taga ɗaya gare shi, wutar lantarki kuwa sai ta ga dama, kuma da yamma za a riƙa wasan. A wannan hasken koren yakan yi duhu, shuɗin kuwa kamar ya riƙe sauran ranar. Ga allin da suke goga wa bakin sanda, shi ma shuɗi ne, ba zai nuna a kan shuɗin ƙyalle ba, na san kuma ni zan riƙa kakkaɓe shi.

Na faɗa masa duk wannan yana cin tuwo. Ya ce abokansa za su yi masa dariya.

Inna tana gefe tana ɓarar gyaɗa. Ba ta ɗago ba ta ce, "Kai da ba ka taɓa zaɓen yadin rigarka ba, yau ka san launi? Bar ma ɗiyar ga aikinta."

Ya yi dariya har ya ƙware. Shi ke nan, aka aika a kawo shuɗi.

Ranar da kafinta ya zo shimfiɗawa, ina daga bayan labule ina jin bugun ƙusa, na san in ya fito da muni ni za a tuhuma. Bayan ya tafi muka shiga tare. Maigida ya shafa shi da tafin hannu, ya gangara farar ƙwallon, ta tafi sumul ba ƙara. Bai ce ya yi kyau ba. Cewa ya yi, "To, ba laifi."

Abokan sun yi dariyar kuwa. Wani ya ce an shimfiɗa wa tebur zanen amarya. Ba a daɗe ba suka saba, har wani malami daga Bukkuyum da ya zo taro ya tambayi inda aka samo irinsa. Ni ma akwai abin da ban hango ba: muna da farar kyanwa, ta mai da teburin wurin barcinta, kuma babu abin da ke nuna farin gashi kamar shuɗi. Sai da na ɗinka masa marufi da tsofaffin atamfofi.

Wajen kakkaɓar gashin nan na fara taɓa sandar. Da hantsi, yara suna makaranta, ni da ƙanwar maigida da ke zaune tare da mu mukan kulle ƙofar zaure mu gwada. Da farko ko ƙwallon ba ma samu, sai dariya. Inna takan jawo kujera bakin ƙofa tana ba mu umarni, ita da ba ta san dokar wasan ba: "Waccan ja ɗin, ta kusa da rame, ita za ki bugu."

Wata rana aka tashi makaranta da wuri, ashe mun manta ba mu kulle ƙofar ba, maigida ya same mu a kai, zanina ɗaure a ƙugu, na duƙa ina auna baƙar ƙwallo. Na miƙe, kunya ta kama ni. Ya tsaya ya dube mu, ya ajiye littattafansa a kan taga.

"Hannunki na hagu ya yi nisa," ya ce. "Matso da shi, ki buɗe yatsu."

Na matso da shi. Na buga, ƙwallon ta daki gefe ta dawo. Ya ce in sake. A ranar sai da shinkafata ta kama, muka ci ta haka nan da ƙauri, Inna tana ta mita tana ƙarawa a kwanonta.