Ranar da Aka Bar Baba Gadin Mota

Ranar Litinin ce, a daminar shekarar da nake aji huɗu, farkon zamanin gwamnatin nan da ta zo da maganar addini a baki. Ruwa ya ƙi sauka a Gadarif. Baƙar ƙasarmu ta tsattsage har ƙafar yaro kan shige ciki, masu gonaki sun zuba iri sun zauna suna kallon sama. Sai aka ce a fita sallar roƙon ruwa a filin bayan gari, a tafi da yara da tsofaffi. Rana ba ta gama fitowa ba Baba ya kawo babbar motarsa ƙofar masallacin unguwa. Ya wanke mata ƙurar gawayi tas, ya shimfiɗa tabarmin Inna a baya domin dattawa. Ba wanda ya sa shi, kuma man da zai ƙona sai da ya yini a layi kafin ya samu. Haka ya yi ta sawu har ya kwashe unguwa kakaf. Ni ina sawun ƙarshe, a gaba kusa da shi, sai hura hanci nake yi wa ƙawayena da ke tsaye a baya.

Da muka isa ya kashe mota, ya yi alwala a gindin taya, ya nufi sahu. Kawu Sale ne ya tare shi, yayan Inna, mai shagon yadi a kasuwa, wanda a shekarar ya fara tara gemu. Usta yake ce wa Baba, kamar yadda ake kiran direbobi a nan.

"Ya usta, malesh, yi haƙuri, ka tsaya wurin arabiyya, motar nan taka, kar yara su hau su faɗo."

"Yaran ai duk suna fili, Yaya Sale," in ji Baba.

"Ka fahimta mana. Ruwa muke nema wurin Allah, kuma jama'a na magana a kan direbobi. Halas, shi ke nan, ka tsaya nan ya fi."

Baba ya koma ya jingina da ƙofar mota. Daga sahun yara ina waiwayensa. Da liman ya juya mayafinsa, kamar yadda ake yi a wannan sallah, maza suka bi shi, sai na ga Baba shi kaɗai can nesa ya tuɓe rigarsa ya juya ta ya mayar. Cikin rigar ma baƙin man ne, daidai da wajenta. Da aka shafa, shi ya sake kwashe su ya maida kowa gida, har da Kawu Sale, wanda ya zauna a gaba saboda ciwon gwiwa.

Abin da ake faɗa a kan direbobi a lokacin ba ɓoyayye ba ne. Wai ba sa sallah sai sun haɗa ta yini guda. Wai kowannensu yana da mace a garin Showak, da wata a kowace tasha. Wai abin da ke cikin jarkar bayan kujera ba ruwa ba ne. Ban ce babu masu yi ba, na ga wasu da idona. Amma ni nake wanke kayan Baba, kuma abin da nake tararwa a aljihunsa bai wuce carbi da asuwaki da ƙwallon aduwa da ya tsotse ba. Wankin nan kuwa aiki ne. Ruwa sai mun saya wurin mai jaki, Inna tana auna mana shi kamar mai. Sai na jiƙa rigar da toka, na dirje ta a kan dutse har yatsuna su yi fari, in shanya, ta bushe, warin man yana nan inda yake. Inna kan ce, "Bar shi haka, 'yar nan, wannan warin shi muke ci."

Mu yara dai motar nan ita ce duniyarmu. Tana da hon mai waƙa, wanda in Baba ya danna daga kan kwana duk unguwa ta san ya dawo. Maza su yar da motocinsu na waya da gwangwani su bi shi a guje, mu mata mu bar 'yar carafke mu tsaya bakin danga. A ƙarƙashinta muke dafa tuwon ƙasa idan rana ta yi zafi, domin inuwarta ta fi ta ɗakunanmu na ciyawa sanyi. Amma yaran da suke roƙona in sa baki a ɗana su, su ne a makaranta suke kirana "'yar direba" in faɗa ya haɗa mu, suna faɗin kalmar kamar sun taka abu. Ni kuwa ba ni da haƙuri. Na yayyaga ɗankwalin mutane da dama a kan wannan, na kuma sha bulala, ban taɓa yin nadama ba.

Motar ta Baba ce, amma kayan ba nasa ba ne. Yawanci na Alhaji Ɗahiru ne, wani attajiri mai manyan gonaki wajen Simsim, wanda ranar roƙon ruwa yake tsaye daidai bayan liman. Da kaka Baba yana kai masa masu yankan riɗi, ya dawo da buhunan dawa. Da rani kuwa gawayi ne. Sau ɗaya ya tafi da ni, lokacin hutu. Na tuna mun bi ta cikin dajin ƙaya mai jan jiki, tsuntsaye suna tashi gabanmu, sai kwatsam dajin ya ƙare kamar an yanke shi da wuƙa. Gaba fili ne fetal har iyakar gani, kututture ko'ina, ga tudun ƙasa nan da can suna fitar da hayaƙi, inda ake gasa itacen. An share ne domin tarakta ta samu wurin wucewa. Mutane baƙaƙe ƙirin da ƙurar gawayi suka yi ta loda mana buhu har mota ta durƙusa. Baba ma ba zan wanke shi tas ba. Yana da gatari a ƙarƙashin kujera, kuma duk lokacin da mota ta kafe a laka, rassan bishiyar da ta fi kusa yake sarewa ya shimfiɗa wa taya. Duk direbobi haka suke yi, kowace damina, har bakin hanya ya zama babu inda mutum zai raɓe ya sha iska.

Ruwa ya zo daga baya, a makare, da ƙarfin da ya rusa dangar mutane. Aka ce addu'ar bayin Allah ce ta karɓu, Alhaji Ɗahiru ya yanka sa. Ban ji wanda ya ce direbobi sun shiryu ba. Inna ta yi wata da watanni ba ta gaida yayanta, amma Baba bai taɓa ɗaga maganar ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya daina shiga tsakiyar sahu. In ya je masallaci sai ya jira an tayar, ya tsaya can ƙarshe kusa da takalma, ana sallama ya fice. Mutum ne da babu abin da yake so a duniya kamar a lissafa shi cikin mutanen kirki na unguwa, kuma daga ranar ya daina sa rai. Wannan ya fi komai ci mini rai, har yanzu da na yi furfura.

Yau Gadarif ta cika da raksha, keken hayan nan mai ƙafa uku, kowane lungu tana tatata tana tusar hayaƙi. 'Ya'yan Alhaji Ɗahiru suna wucewa cikin manyan motoci masu baƙin gilashi, ba wanda yake ce musu direbobi, ko da yake da hannunsu suke tuƙi. Ni ma da nake wannan surutu, raksha nake hawa zuwa kasuwa, kuma da gawayi nake dafa shayi. Damina ta rikice, wata shekara ta ƙi zuwa, wata ta zo ta yi ɓarna. An daina cewa zunubin direbobi ne, yanzu hayaƙinsu ake cewa.

A shekararsa ta ƙarshe Baba yana kwance a ɗakina, ƙirji ya ci shi, tari ba dare ba rana. Wata rana ɗana Haisam ya dawo daga makaranta, ya faɗa masa da wasan jika da kaka.

"Jiddo, ustaz ya ce irin motarku ce ta ɓata mana ruwan sama!"

Na ɗauka zai rama da tsokana kamar kullum. Sai ya jira har tarin ya lafa.

"Ustaz ɗinku bai yi ƙarya ba," in ji shi. "Hayaƙi na yi shi, ga rabona nan a ƙirji. Amma gobe ka tambaye shi, kayan wa na ɗauka?"

Haisam bai tambaya ba, yaro ne, ya manta. Da Baba ya rasu unguwa ta fito sosai, har da Kawu Sale yana dogara sanda. Mu mata muna gida, Haisam ne ya dawo yana ba ni labari cewa sahu ya kai har bakin titi, kuma an ajiye Jiddo a gaban kowa, gaban liman ma. Na ce masa to, madalla. Da ma sun ba shi wuri a sahu tun yana iya tsayawa da ƙafarsa.